Yadda na'urar safiyo ta hannu ta cinye mana bijimai biyu a Daura

Ranar da aka kira yayana gaban Mai Unguwa ina gida, hutun ƙarshen zango. Da hantsi wani yaro ya yi sallama a ƙofar gida ya ce ana neman mai awo. Yaya ya ɗauka sabon aiki ne ya samu, har ya tsaya ya zaɓi hula. Na bi shi ne kawai don ba ni da abin yi.

Da muka isa sai muka tarar da mutum kusan goma a kan tabarma. Ga wani dattijo manomi yana ta huci, ga wani ɗan kasuwa da ya sayi fuloti a maƙwabtan gonar dattijon, har ya haƙa fandisho ya ɗora bulo layi huɗu. Dattijon ya tono wani tsohon dutsen iyaka na siminti da yashi ya binne tun da daɗewa, aka ja tef daga nan, sai ga katangar ta shiga gonarsa da ƙafa ɗaya da ɗoriya. Magini ya rantse cewa a kan turakun da Yaya ya kafa ya ɗaura igiyarsa, bai ƙara ba bai rage ba.

Mai Unguwa ya dubi Yaya ya ce, "Ɗana, kai ka yi awon nan?"

Yaya ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Kuma da na'ura na yi."

Dattijon ya ce, "To na'urar taka ba ta da tsoron Allah."

Mutane suka yi dariya. Mu ba mu yi ba, domin mun san abin da aka sayar kafin na'urar nan ta shigo gidanmu.

Bari in koma baya kaɗan. Yaya ya yi babbar difloma a fannin safiyo, ya gama bautar ƙasa, ya kama aiki a ƙarƙashin wani safiyo mai rajista a Katsina. Haka tsarin sana'ar yake: ko ka iya aiki kamar me, taswirar fili ba ta zama takarda a idon hukuma sai wanda ya yi rajista da hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, ya sa mata hannu da hatimi. Yara irin su Yaya su ne ke shan rana a fili, oga ya duba aikin ya sa hannu.

Aiki kuwa akwai shi. Duk wanda ya san Daura shekara goma sha da suka wuce ya dawo yau, sai ya tambayi hanya. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a Disambar wannan shekara aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, sannan a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda ya ratsa ta Daura. Gonakin da muka tashi muna gani a hanyar Kano, hanyar Katsina, hanyar Zango da ta Mai'adua, ɗaya bayan ɗaya ana yanka su fulotai. Da can awon igiya ake yi, dillali ya riƙe nan yaronsa ya riƙe can, a kafa itace a ce hamsin da hamsin ke nan. Yanzu da ƙasa ta yi kuɗi, mai saye yana son awo na ƙwarai da takarda, saboda in zai nemi shaidar mallaka daga gwamnati sai da taswira.

Matsalar Yaya ɗaya ce: ba shi da na'ura. Duk aikin da ya samu a gida sai ya je Katsina ko Kano ya yi hayar ta, ya biya kuɗin kwana, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Wani lokaci in ya gama lissafi sai ya ga mai na'urar ya yi wa aiki. Sabuwa kuwa ba ta taɓuwa. Waɗannan kaya duk daga waje suke zuwa, Leica daga Suwizalan, Topcon da Sokkia daga Japan, Trimble daga Amurka, South da Hi-Target daga Sin, kuma da dala ake kawo su. Kafin tsakiyar Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kowa ya ji wannan a jikinsa, daga mai sayen waya har mai sayen taki.

A haka ya ci karo da shafin wani dila a Legas.

Kafin a biya da bayan an biya

Ban san wanda ya fara kiran 'yan kasuwa "dila" a Hausa ba, amma ko waye, ya yi dace, tun da mun san dila tun a tatsuniya. Wannan dai shafinsa tsaf yake. Hotunan na'urori a jere a kan kanta, bidiyon ana kunna su, sikirinshot na kwastomomi suna godiya. Ya ce na'urar da Yaya ke so "gyararriya" ce daga Turai, an yi mata saiti, garanti wata shida. Duk a saƙon murya ya faɗi wannan. Ku riƙe wannan wurin, zan dawo kansa.

A waɗannan kwanaki in Yaya ya tura saƙo, kafin ya ajiye waya amsa ta shigo. Ƙarfe goma sha ɗayan dare ma yana amsawa. Har "Aboki na" da "Alaji" yake kiransa.

Baba ya fitar da bijimai biyu da ya yi wata da watanni yana kiwo, muka kai su kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Hajiyarmu ta ƙara da kwasar adashinta. Yaya ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya yi tiransifa zuwa wani asusu mai sunan mutum, ba sunan kamfani ba. Bayan kwana biyar aka ce kaya sun iso tasha a Kano, ni na je na karɓo tun da makarantarmu ta fi kusa. Akwati ne na roba mai kauri, na rungume shi a mota har Daura kamar jariri.

Da aka buɗe, wallahi sai ƙyalli. Ko ƙwarzane babu sai ɗaya a jikin mariƙi, mai kama da harafin bakwai na lissafi. Ga batir biyu, ga caja. Takarda kuwa ko ɗaya. Da Yaya ya tambayi takardar saiti, dila ya ce injiniyansu ya yi tafiya, za a turo. Rasit ya zo a hoto ta WhatsApp, ba lambar na'ura a jiki, ba maganar garanti, sai wani layi da ƙananan haruffa a ƙasa cewa kayan da aka saya lafiya lau ba a mayarwa.

Ga wanda bai san abin ba: ita ce na'urar nan da kuke gani a kan ƙafafu uku a bakin titi, mutum ya sunkuya yana leƙawa, wani can nesa yana riƙe da sanda mai madubi a kai. Masu sana'ar suna kiran ta total siteshan. Abu biyu take aunawa. Tana harba haske zuwa madubin ya dawo, ta lissafa nisa. Sannan tana auna kusurwa, wato gwargwadon yadda ta juya daga wannan alama zuwa waccan. Ana raba digiri ɗaya zuwa minti 60, minti ɗaya zuwa sakan 60. Irin tamu an ce kuskurenta sakan 2 ne, abin da a nisan mita 100 bai fi milimita ɗaya ba.

Amma in na'ura ta kauce da minti ɗaya, a mita 100 ta kai ka gefe da kusan santimita 3. A mita 400, in kaucewar ta kai minti 3, ana maganar santimita 35 ke nan. Ƙafa ɗaya da ɗoriya. Gonar da Yaya ya yanka doguwa ce, fulotin ɗan kasuwar nan kuma shi ne na can ƙarshe.

Da yammacin ranar da muka dawo daga wurin Mai Unguwa, Yaya ya kafa na'urar a fili, ya saita ta kan tsinin hasumiyar wani masallaci, ya mayar da karatun kusurwa sifili. Ya juya ta zagaye guda ya dawo kan tsinin. Lafiyayyar na'ura za ta sake nuna sifili, ko ta kauce da 'yan sakanni. Tamu ta nuna minti ɗaya da wani abu. Ya sake, ta nuna kusan daidai. Ya sake, ta tafi minti biyu. Washegari da rana tsaka abin ya fi haka muni. Ba ta da magana ɗaya. Daga baya wani mai gyara da ogan Yaya ya sani ya buɗe ta, ya ce ta taɓa faɗuwa, an canza mata riga ne kawai, cikin kuwa an bar shi yadda yake.

Nan zan faɗi abin da Yaya ba zai so ba, amma ya karanta rubutun nan kafin in tura, bai ce in cire ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwajin nan na hasumiya bai ɗauke shi minti goma ba. An koya musu a makaranta cewa kowace alama a karanta ta fuska biyu, a juya na'urar a sake dubawa, kuma kafin a tashi daga wuri a koma kan alamar farko a ga ko karatu bai motsa ba. An koya musu a rufe awo a kan dutsen da aka san matsayinsa. Bai yi ba. Rana ta yi zafi, mai gona yana gaggawa, kuma na'urar tana ƙyalli. Oga da ya ji labari bai zagi dila ba, Yaya ya fara wankewa tas. Allah ya taimaka bai riga ya sa hannu a taswirar ba.

An rushe bulo layi huɗu. Yaya ya biya siminti da bulo da kuɗin magini, ya yi hayar wata na'urar ya sake awon gonar gaba ɗaya kyauta. Turaku da yawa sai da aka matsar. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne sunan da ya samu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: babu wanda ya san wani dila a Legas, "yaron nan mai na'urar ƙarya" kowa ya sani.

Yanzu sai mu koma kan "Aboki na".

Saƙon farko ya yi kwana biyu ba a buɗe ba. Da aka buɗe, amsar ita ce Yaya bai iya amfani da ita ba. Yaya ya tura bidiyon gwajin. Sai aka ce zafin Arewa ne. Yaya ya nuna masa takardar bayanin kamfanin da ya ƙera ta, inda aka rubuta tana aiki har zafin digiri 50. Sai aka ce direban motar da ya kawo ta ne ya yar da akwatin. Da Yaya ya ambaci garanti, sai aka haɗa shi da wata mata da aka ce ita ce mai kula da kwastomomi, wadda duk abin da ka faɗa amsarta ɗaya ce, cewa za ta sanar da manaja. Manajan kuwa, a yadda muka fahimta daga baya, shi ne dilan, shi ne injiniyan da ya yi tafiya.

Ƙarshenta suka ce a mayar da ita a duba, kuɗin mota a kanmu. Ta yi mako bakwai a can. Ta dawo da sabuwar sitika a jiki, ciwon yana nan. Da Yaya ya sake magana, aka ce akwai wani ɓangare da za a yi oda daga waje, ya turo kuɗi. Ya ce ina garantin wata shida? Aka ce a ina aka rubuta? Ya je neman saƙon muryar, sai ya ga ashe tun farko dilan ya kunna tsarin nan da saƙonni ke gogewa da kansu bayan kwanaki. Da daddare hoton dila ya ɓace daga WhatsApp ɗin Yaya. Duk wanda aka taɓa yi wa bulok ya san ma'anar wannan.

Me ake nufi da "gyararriya"?

Abin da na gano da na fara bincike shi ne, kalmar nan da 'yan kasuwar intanet ke jefawa tana ɗauke da abu uku da ba su da alaƙa. Akwai na hannu zalla, wani ya yi amfani da shi ya sayar yadda yake. Akwai wanda aka yi wa kwaskwarima, aka goge, aka canza riga da madannai, aka sa a sabon akwati. Sannan akwai wanda kamfani ko wakilinsa ya kwance, ya canza abin da ya gaji, ya gwada a ɗakin gwaji, ya ba da takarda da garanti a rubuce. Leica, alal misali, tana da sashe na musamman da ke sayar da irin wannan. Farashinsa ba na wasa ba ne, shi ya sa in ka ga an ce "gyaran kamfani" amma kuɗin ya yi araha sosai, to tambaya ta kama ka.

A waya, bambancin ukun nan yana bayyana da wuri. Batir ya riƙa zuba, fuska ta riƙa fari, cikin mako ka gane an yi maka sakiyar da ba ruwa. Na'urar awo kuwa ba ta nuna ciwo. Tana kunnuwa, tana ƙara, tana ba ka lambobi masu kyau har da ɗigo uku a baya. Sai an zuba siminti a kan ƙaryarta ake ganewa. Abin da ke raba ta gari da mai kwaskwarima takarda ce: takardar saiti mai ɗauke da lambar na'urar, ranar da aka gwada ta, sunan wurin da ya gwada da abin da gwajin ya nuna. Har ƙa'idar duniya akwai ta yadda ake gwada irin waɗannan kaya a fili, ISO 17123. Takardar da ba ta da lambar na'ura, ko wadda ba za ka iya kiran wanda ya ba da ita ba, ado ce kawai.

Lambar nan tana da wani amfanin. Na'urorin awo suna cikin kayan da ake yawan sacewa a wuraren gini a ƙasashen waje, shi ya sa wasu kamfanoni suka sa musu lambar sirri irin ta layin waya. Masu sayen manyan na'urorin GPS na safiyo kuma suna da nasu tarkon: da yawa daga cikinsu sai da lambar rajista suke aiki, kuma akwai ta wucin gadi, akwai ta dindindin. Mutum zai saya, ya yi wata biyu yana aiki lafiya, wata safiya ta ƙi tashi ta ce lokaci ya ƙare. Daga nan wuyanka yana hannun wanda ya sayar maka.

Don kada a ce na ji ta bakin ɓangare ɗaya, na zauna da wani mai sayar da kayan awo na hannu a Kano, wanda ba shi da alaƙa da cinikinmu. Bai kare dilan Legas ba, amma ya ce su ma suna ganin abubuwa. Yaro zai ɗauki na'ura a kan ƙafafunta ya saɓa a kafaɗa ya hau babur. Wani ya bar ta a but ɗin mota rana ta dake ta wuni guda. Wani ya haɗa ta da cajar da ba tata ba. In ta lalace sai ya dawo yana ihu an cuce shi. Ya ce shi kansa wani lokaci a hoto yake sayen kayan daga Dubai ko Sin, sai sun iso yake sanin abin da ya saya, kuma babu wanda zai mayar wa. Na yarda da shi a kan wannan. Inda muka rabu shi ne da na tambaye shi ko yana gaya wa mai saye duk wannan kafin ciniki. Ya yi murmushi ya ce kasuwa ce.

Bijimin Mai'adua ya fi mu gata

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da muka sayar da shanun nan. Mai saye ya zagaya bijimi, ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya sa aka ja shi ya ga tafiyarsa. Dillali yana tsaye, ya san Baba, ya san gidanmu, kuma da dabbar za ta fito ta sata ko mai ɓoyayyen ciwo, shi za a fara kamawa. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan tsayawar ce. Akwai shaidu, akwai shugabannin kara, akwai Sarkin Kasuwa. Mutanen da yawancinsu ba su yi boko ba sun gina tsarin da baƙo daga Nijar ko daga Kudu zai ajiye miliyoyi ya tafi hankalinsa kwance.

Mu kuma masu digiri da difloma muka ɗauki kuɗin nan muka tura wa mutumin da ba mu taɓa gani ba, a kan abin da ba mu taɓa taɓawa ba, shaidarmu saƙon murya mai gogewa. Ko a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, in aka sayar maka da waya ko kwamfuta mai matsala, akwai shago, akwai maƙwabtan shago, akwai ƙungiyar 'yan kasuwa da za ka kai wa ƙara. A Instagram waye Sarkin Kasuwa?

Baffanmu, wanda ya yi karatun zaure, da ya ji labarin layin nan na ƙasan rasit sai ya girgiza kai. Ya ce a fiƙihun Malikiyya da suka karanta, in an sayar maka da abu mai aibin da ya riga ciniki kuma ba a bayyana maka ba, kana da zaɓin mayarwa ka karɓi kuɗinka. Abin mamaki, dokar ƙasa ma kusan haka ta ce. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Ta wajabta wa mai sayar da kayan hannu ko waɗanda aka sake gyarawa ya bayyana hakan ƙarara, ta wajabta ba da shaidar ciniki a rubuce, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da suka gaza yin aikin da aka saye su dominsa. Hukumar ta sha nanata cewa rubuta "ba a mayar da kaya" ba ya goge wannan haƙƙi. Ana iya shigar da ƙorafi ta shafinta na intanet.

Sai dai doka tana son hujja, kuma a nan ne muka ga tsiraicinmu. Rasit ba lamba. Asusun da aka tura kuɗi sunan mutum ne daban da sunan shafin. Garanti ya bi iska. Legas tana da kotun ƙananan basussuka tun 2018, amma daga Daura zuwa can tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, kuma ba zama ɗaya ake yi ba.

Ni, a matsayina na ɗalibin aikin jarida mai zafin kai, shawarata ita ce mu tona shi. Mu sa hotonsa da sunan shafinsa a Facebook da TikTok, mu bar jama'a su yi aikinsu. Har na rubuta. Yaya ya karɓi wayar ya goge. Ya ce, "Ƙanena, da wace hujja? In ya ce mun ɓata masa suna, me za ka nuna?" Na tuna da matar nan ta Legas da ta rubuta ra'ayinta kan wani tumatirin gwangwani a Facebook a Satumbar 2023, 'yan sanda suka kama ta, maganar ta kai kotu. Ko da an yi wa sashe na 24 na dokar laifukan intanet gyara a 2024, har yanzu ana tsare mutane a kan rubutu. Na yi shiru. Shi ya sa ma ba za ku ga sunan kowa a nan ba.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe tsohuwar hanya ce. Ogan Yaya, bayan ya huce, ya kira wani abokin karatunsa, safiyo mai rajista a Legas, ya ba shi labari. Mutumin ya nemi shagon ya je da ƙafarsa. Ashe wani ɗan lungu ne a saman bene, kantar nan ta hoto ma ba tasa ba ce. Bai yi faɗa ba. Ya dai nuna wa dilan cewa safiyoyi suna da ƙungiya, tun 1934 ma take, suna da zaurukan WhatsApp, kuma su ne kasuwarsa. A ranar hoton dila ya dawo a wayar Yaya, da "Aboki na" da komai.

Aka yi sulhu: a mayar da na'ura, a dawo da kashi biyu cikin uku na kuɗin, biya uku. Sauran an ce kuɗin "amfani da aka yi da ita". Yaya ya karɓa, tun da ya gaji. Wannan karon an rubuta, an sa hannu, mutumin Legas ya zama shaida. Biya biyu sun shigo, na uku yau wata biyu ke nan ana cewa mako mai zuwa.

Yaya ya koma haya. Ya ce in zai sake saye, da ƙafarsa zai je, da oga ko wanda oga ya aminta da shi, a kafa na'urar a waje a gwada ta a kan nisan da aka sani, a rubuta lambarta da kwanakin garanti da wanda zai biya kuɗin mota in ta lalace, kuma ba zai biya duka ba sai ta yi mako tana aiki. Yanzu ko ta haya ya ɗauko, sai ya nemi hasumiya ko turken wuta ya yi zagayensa kafin ya kafa turke ɗaya. Dattijon nan mai gona, da suka haɗu a masallacin Juma'a, ya tambaye shi ko na'urar ta tuba. Baba kuwa bai taɓa tayar da maganar shanun ba, ya sayi ɗan maraƙi ya ɗaure a inda suke.

Ni ba a taɓa yi mini bulok ba, domin dilan bai san lambata ba, kuma ina bin shafinsa har yanzu. Makon jiya ya ɗora sabon bidiyo. Na'ura a kan kanta tana ƙyalli, an rubuta gyararriya daga Turai, an yi saiti, garanti wata shida. Na tsayar da bidiyon na ƙara girman hoton. A jikin mariƙin akwai ƙwarzane mai kama da bakwai.

A ƙasa wani ya rubuta yana tambayar nawa ne kuɗin kawowa Gusau. Na tura masa saƙo ta bayan fage na ce ya nemi lambar na'urar da takardar saiti kafin ya tura ko sisi, in ya samu lambar ya turo mini in gwada da wadda Yaya ya rubuta a littafinsa. Ya buɗe saƙon. Har yanzu bai ba ni amsa ba.